Shagon da Ba A Cewa Tsumma

Ni ne marar gaskiya a rigimar da muka yi da Baffa, kuma har Allah ya karɓi abinsa ban buɗe baki na faɗa masa haka ba. Na sa wannan a farko ne don kada mai karanta yabon da zan yi masa ya ɗauka daga bakin ɗa mai biyayya ya fito. Karatuna bai yi nisa ba, daga firamare sai allo, saboda haka a yi mini afuwa in rubutun ya karkace. Tsoron da nake ji shi ne nan gaba kaɗan a manta da shi, a riƙa cewa wani tsohon tela ne da ya taɓa zama a bakin hanya.

Baffa wan mahaifina ne, a hannunsa na tashi tun da mahaifina ya rasu. Baffa ya cika a daminar nan ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu, lokacin da manomi ko gaisuwa a tsaye yake yin ta. Duk da haka mutane suka ajiye fartanya suka zo. Mutanen hayin rafi, waɗanda yawancinsu Kirista ne, sun ƙetaro da itacen girki da ƙwaryar gero, a wannan lokaci da rumbun kowa ya yi ƙasa. Suka zauna a tabarma ɗaya da mu har la'asar.

Ranar sadakar uku wani dattijo ya sauka daga motar Kunci da bargo a kafaɗa, ga zafi ga gumi. Ya yi gaisuwa, aka shafa fatiha, sai ya warware bargon a gaban jama'a.

"Ku duba mini nan," in ji shi. "Ɗinkin marigayi ne. Da shi aka kawo mini uwar 'ya'yana. Ta rasu, 'ya'yan sun aurar da nasu 'ya'yan. Wani ya nuna mini inda zare ya kwance."

Liman ya ce, "Malam, ai gaisuwar mutuwa muke karɓa, ba talla ba."

"Ita nake yi, Allah gafarta Malam. Tawa gaisuwar ke nan."

Aka yi ta miƙa bargon daga hannu zuwa hannu, kowa yana jan ɗinkin da yatsa. Ba wanda ya sami inda ya saki.

A cikin gida kuwa, Goggo ƙanwarsa ta hana kowa kuka. Duk wadda ta ɗaga murya sai ta ce mata addu'a yake so, ba hayaniya ba. Sai da matata tana gyara ɗakinsa ta ɗauko hularsa ta aiki, doguwar allurarsa na soke a jiki da guntun zare bai ƙare ba, ta miƙa wa Goggo. Nan Goggo ta zauna a ƙasa, aka rasa mai ba ta haƙuri.

Shagon Baffa ɗaki ɗaya ne na ƙasa a bakin hanyar da ke tafiya Ɗambatta, da benci a gaba, da bishiyar darbejiya. Sana'arsa bargon ƙyalle. Mutum zai kawo zannuwa ko riguna da suka kwana biyu, Baffa ya yayyanka su, ya haɗa fuska biyu, ya shimfiɗa auduga a tsakani, ya bi da allura layi-layi har audugar ta zauna ba ta dunƙulewa. Lokacin da Inna matarsa take da rai ita ke shiɓe masa audugar. Da ta rasu ya koyi shiɓar da kansa, maza na yi masa dariya wai ya ɗauki aikin mata, shi kuwa ya ce su kawo wanda ya taɓa jin sanyi ya tambayi wa ya shiɓe.

Ba ya ɗaukar almakashi sai ya yi tambaya, kuma tambayarsa ba ta ƙarewa. Wa zai rufa da shi? A gado yake kwana ko a tabarma? Shi kaɗai ne ko da yara a gefe? Mai zanin nan tana raye? In aka ce ta rasu, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi mata addu'a tukuna, sannan ya ce, "A wanke, ko a bar shi da ƙamshinta?" Daga nan ya shimfiɗa zanin a cinyarsa ya ce, "To nuna mini inda ba a taɓawa."

Da haka ya san abin da kowa yake so, har wanda mutum ba zai iya faɗa ba. Tsofaffi nauyi suke so, in bargo bai danne su ba sai su ce bai yi ɗumi ba, saboda haka yakan ninka musu auduga. Uwar amarya launi take so, ja da ruwan ɗorawa a tsakiya, yadda 'yan ganin ɗaki za su hango tun daga ƙofa. Masu kwanan lambu duhu suke so, wanda ba ya nuna ƙasa. Wata rana wata mata ta zo tana ta kwana-kwana, wai na yaronta take so, amma kada ya yi kauri, amma kuma ya yi ɗumi, amma dai kada ya yi kauri. Ga maza zaune a benci. Baffa ya dube ta sau ɗaya ya ce, "Na gane. Irin wanda in an shanya da safe ya bushe kafin azahar. Ni ma irinsa na fi so." Ba wanda ya gane cewa yaron fitsarin kwance yake yi, sai ita da shi.

Da kamu yake awo, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kuma duk tsawon da aka faɗa masa sai ya ƙara kamu ɗaya. Cewa yake ƙafa ma mutum ce, ba a barin ta a waje. Akwai wani dogon direba mai jan bas zuwa Kano da ya ce shi bai taɓa samun abin rufar da ya kai masa ba tun da ya girma. Baffa ya sa shi ya kwanta a benci, ƙafafunsa suka zarce, ya tsaya yana kallonsa.

"Kai wannan ai sai a haɗo zannuwan unguwa guda."

"Baba, a dai taimaka."

"Za a taimaka. Amma ka gaya wa mahaifiyarka ta biya rabin zaren, ita ta jawo mana."

Har yau direban in ya zo wucewa sai ya danna ham a ƙofar shagon, ko da a rufe yake.

Doka ɗaya ce a shagon, kowa a garinmu ya san ta: ba a cewa tsumma. Ƙyalle za ka ce, ko zani, ko riga, kome tsufansa. Wanda ya manta ya ce, "Baba, ga tsummokara na kawo," sai Baffa ya nuna masa ƙofa ya ce ya fita ya sake sallama. Da wasa yake yi, amma sai ka fita ɗin. Taubashiyarsa, wata tsohuwa da ba sa haɗuwa ba su yi faɗa ba, takan tsaya a bakin hanya da gangan ta ɗaga murya, "Mai tsumma, ka kwana lafiya?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, tsohuwa. In kin gaji da yawo ki zo in haɗa ki da auduga, ko kya yi amfani." Na taɓa tambayarsa dalilin dokar. Ya ce abin da aka goge tukunya da shi aka yar, shi ne tsumma. Abin da mutum ya ninke, ya ƙulle, ya ɗora a ka ya tako da shi har nan, wannan ba tsumma ba ne, ko da rami ya fi zaren yawa.

Ni kuwa na tafi Kano na koyi ɗinkin keke, na yi shekaru a can. Da yanar ido ta fara rage wa Baffa gani na dawo gida da iyalina da kekena, muka raba aiki: shi ya karɓa ya yi tambayoyinsa, ni in yanka in haɗa, shi ya bi da allura, don hannunsa ya san hanya ko ido bai gani ba. A nan na fara ƙosawa. Sai in ga ya ɓata hantsi guda da mace ɗaya, tana ba shi labarin ranar da aka saya mata zani, aiki yana jira. Na riƙa ce masa zamani ya canza, abin da mutane ke so yanzu shi ne a yi musu da sauri, ya fito tas kamar na kanti. Yakan ce mai son na kanti ya san motar Ɗambatta.

Har wani Alhaji mai kai kaya birni ya zo ya ce a riƙa ɗinka masa da yawa iri ɗaya yana kwasa. Raina ya yi fari. Baffa ya ce, "Wa zai rufa da su, Alhaji?"

"Duk wanda ya saya mana."

"To ai ban san tsawon ƙafarsa ba."

Alhaji ya yi dariya ya zaci wasa ne, da ya ga ba wasa ba ne ya shiga motarsa. Kwana da kwanaki ina gaishe da Baffa a daƙile.

Ana nan sai aka tafi da shi asibitin ido a Kano, aka bar ni ni kaɗai a shago. A cikin kwanakin ne wata mata daga hayin rafi ta zo da ƙulli a ka. Na san ta, Yaya nake ce mata don ta girme ni. Mahaifiyarta ce tsohuwar da ta yi shekaru tana sayar da daddawa a gindin darbejiyarmu ranar kasuwa, ba ta daɗe da rasuwa ba.

"Sannu da aiki, ɗan Baffa. Ina tsohon?"

"Yana Kano wajen idonsa. Me za a yi, Yaya?"

"Zannuwan Innarmu ne nake so a haɗa mini. Amma ka ga wannan bakin nasu..."

Ƙafata tana kan keke, ga wani yana jira a gyara masa wando. Na ce, "Na gane, Yaya, na gane. Ajiye a nan, ki dawo kasuwa ta sama." Ta ɗan tsaya kamar za ta ƙara magana, sai ta ajiye ta tafi.

Da na warware na ga zannuwa masu kyau, sun koɗe amma jikinsu da ƙwari. Sai dai kowanne kusurwarsa ɗaya ta lalace: ta miƙe, ta tattare, jan goro ya rine ta, wata har ta huje. Na sa almakashi na zubar da su duka a buhun da muke tara guntaye muna cusa matashin kai. Sauran na haɗa. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba. Kowane layi ya hau ɗan'uwansa. Na rataye shi a ƙofa don masu wucewa su gani.

Ranar da ta dawo Baffa yana zaune a wurinsa da farin ƙyalle a ido ɗaya. Na shimfiɗa mata bargon a benci ina jiran yabo. Ta kama kusurwa ta farko ta duba, ta saki, ta kama ta biyu. Sai da ta zagaye shi kaf.

"Ina bakin?"

"Wane baki?"

"Bakin zanin. Inda take ƙulli."

Na ce, "Haba Yaya, ai wurin duk ya mutu. Tsumma ne, na yanke na zubar."

A shagon Baffa na faɗi haka, yana zaune, kuma ga 'yar mai zanin na faɗa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce a nan Inna take ƙulle goronta, a nan take ƙullo musu ƙuli-ƙuli da alewa in ta taso daga kasuwa, su kuma tun suna yara ba fuskarta suke fara dubawa ba in ta shigo, bakin zaninta suke kamawa. Ta ce jikokin ma haka suka tashi. Ta ninke bargon da kyau, ta ajiye shi a benci, ta yi wa Baffa Allah ya ƙara sauƙi, ta tafi ba ta ɗauka ba.

Baffa ya ce, "Ka tambaye ta?"

"Baffa, aikin bai yi kyau ba ne?"

"Ka tambaye ta inda ba a taɓawa?"

Maimakon in yi shiru sai na ɗaga murya. Na ce ba don ni ba da tuni an rufe shagon nan. Na ce shi ya saba wa mutane da shagwaɓa, har mace za ta ƙi aiki mai kyau saboda ruɓaɓɓen ƙyalle. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce, "Ina ka zuba su?"

Na riga na cusa matasan kai da abin da ke buhun, wasu ma an tafi da su kasuwa. Baffa ya sa aka sauko masa da waɗanda suka rage. Ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya riƙa farke su ɗaya bayan ɗaya, yana zazzage guntayen a gabansa. Likita ya hana shi sunkuyo, ya hana shi shiga ƙura. Ido ɗaya a rufe, ɗayan ba ya gani sosai, sai ya riƙa ɗaukar kowane guntu yana murzawa da yatsu, in ya ji alamar tattara sai ya kai hanci. Masu wucewa suna tambaya, "Baba, me ya ɓata?" Ya ce, "Amanar mutane." Ni ina ciki ina taka keke da ƙarfi don kada in ji. Ban fito na taya shi ba, ko sau ɗaya.

Sai da ya kwana biyu yana yi, sannan na ji ya ce alhamdu lillahi. Guda ɗaya ya samu. Warin daddawa ne ya nuna masa shi, har lokacin bai bar jikin ƙyallen ba. Ya farke kusurwar bargona mai kyau, ya dasa wannan jan guntun a wurin da allurarsa. Ɗinkin ya ɗan karkace, shi kaɗai ne karkataccen ɗinkin da na taɓa gani daga hannunsa. Ya ninke, ya saɓa a kafaɗa, ya ɗauki sandarsa.

"Tashi mu je."

Na ce, "Ni ban ga laifin da na yi ba."

Ya juya ya fita. Ya ƙetare rafin shi kaɗai.

Bayan nan mun ci gaba da aiki tare kamar ba abin da ya faru. Bai taɓa tona ni a gaban mutane ba. In aka yaba ɗinki sai ya nuna ni ya ce, "Hannunsa ya fi nawa. Kunnen ne bai iso ba tukuna, yana hanya." Sau ɗaya na gwada, na ce, "Baffa, in na ɓata maka rai ka yi haƙuri." Ya ce, "Zanin uwata ka yanka?" Na gane inda ya nufa, amma ban je ba. Girman kai ne ya riƙe ni, ba wani abu ba. Ina ganin ni magidanci, mai 'ya'ya, wanda ya zauna a birni, ina ni ina zuwa hayi in durƙusa wa mace a kan ƙyalle. Rani ya wuce, damina ta zo, wani ranin ya sake zuwa, ina cewa sai an kwana biyu. Har aka wayi gari Baffa ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba.

Da aka yi sadakar arba'in na buɗe shago. Wata mata ta zo da ƙulli a ka, ta yi sallama, ta tsaya tana kallon buzun da Baffa yake zama. Ta ce, "To yanzu wa zan yi wa bayani?"

Na ce, "Ni, Hajiya. Zauna."

Ta dube ni, ta dubi almakashin da ke hannuna. Ta ce bari dai ta je ta dawo. Ko sauke ƙullin ba ta yi ba.

Washegari da hantsi na rufe shagon na nufi hayi. Rafin ya kawo, sai da na naɗe wando. Mijin Yaya na tarar a ƙofar gida yana gyaran garma, ya yi mini ta'aziyya, ya shiga da ni. Tana tsakar gida tana wanke kalwa, ashe ita ta gaji sana'ar daddawar. Ta ba ni kujera na ƙi, na tsuguna a ƙasa.

"Ɗan Baffa, kai ne a gidanmu? Ya haƙuri? Ubangiji ya ba shi hutawa."

"Amin. Yaya, a kan maganar zannuwan Inna na zo."

"Wayyo, ai wannan ta wuce tuni. Tsohon ya zo da kansa har nan. Inda kake tsugune ɗin nan ya tsuguna, da ciwon idonsa, muka yi muka yi ya tashi ya ƙi." Ta tsame hannunta daga ruwan ta goge a zani. "Ya ce kada in riƙe ka a zuciya, kai ba ka da laifi. Ya ce laifinsa ne, shi ne bai koya maka ba."

Ban san ya faɗi haka ba. Bai taɓa gaya mini ba. Duk tsawon lokacin nan mutanen hayi suna ɗauka Baffa ne ya yi sakaci da sana'arsa, ni kuma ina yawo da kaina a sama. Na ji mijin yana cewa in tashi haka nan, ya isa. Na ce ya bar ni in faɗa da bakina, a gabansa, kuma in da hali a gaya wa duk wanda ya ji waccan maganar.

Na ce, "Yaya, Baffa ya rufa mini asiri ne. Ya koya mini. Tun ina ƙarami nake ji yana tambayar mutane, ba ranar da ban ji ba. Kin buɗe baki za ki gaya mini, ni na katse ki. Ni na yanke, ni na zubar, ni kuma na kira abin mahaifiyarki da sunan da shi bai taɓa yarda a faɗa a shagonsa ba. Sauran bakin zannuwan ba zan iya dawo miki da su ba. Ki cire sunansa daga wannan laifi, nawa ne ni kaɗai. Don Allah, Yaya, ki yafe mini."